Ku bar taɓa mini ordinatar haka kawai

Wallahi jiya raina ya ɓaci a shagona nan Tahoua. Wani ƙane na ya ari ordinatar zai buga takarda, ban san mi ya latsa ba, da safe na danna fishiye na .txt sai ya buɗe cikin wani furogiram daban, ba Notepad++, furogiram ɗin rubutu da nike aiki da shi, ba. Na .csv, inda lissafin kwastomomi yake, ma haka, ya buɗe cikin furogiram ɗin lissafi, kuma nan ne ɓarnar take, don furogiram ɗin lissafi na share sifilin gaba, lamba 0045 ta koma 45, lissafin kwastomomi duka ya rikice.

Windows dai ƙarshen sunan fishiye take dubawa, kowane ƙarshe da furogiram ɗinshi. Sai da na yi kilik na dama, Ouvrir avec, na zaɓi Notepad++ na ce Toujours, sannan na shiga Paramètres, Applications par défaut, na bi .txt da .csv da .log ɗaya bayan ɗaya, ga mutane tsaye suna jiran fotokopi ga zafi. Yau na sa ma ordinatar lambar sirri.