Sawakin ba fenti take buƙata ba, mazauna take nema

Kafin jirgin sama, maniyyacin da ya tashi daga ƙasar Hausa ta ƙasa yakan ratsa Borno da Wadai da Darfur, kuma da yawa a Sawakin, tsohuwar tashar jiragen ruwa ta Sudan, suke fara ganin Bahar Maliya, su hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Har gobe ana tsallakawa daga tashar Usman Digna da aka buɗe a 1991. Amma tsohon garin Sawakin da ke kan wani ɗan tsibiri, kimanin kilomita 60 kudu da Port Sudan, mafi yawansa tarin duwatsu ne.

Yawanci akan ɗora wa Turawan mulki laifi, kuma da gaskiya a ciki. Mashigar ruwan Sawakin siririya ce, ga murjani ya tsiro gefe da gefe, manyan jiragen tururi ba sa wucewa cikin sauƙi. Sai Ingilishi suka soma gina Port Sudan a 1905, aka buɗe ta a 1909, fatake suka kwashe kayansu suka bi kasuwa. To amma ƙaura ba ta rushe gida da kanta. Abin da ya rushe gidajen shi ne an daina yaɓe.

Da dutsen murjani aka gina garin, wanda ake haƙowa daga teku. Dutse ne mai ƙofofi kamar soso, yana shan laima yana shan gishiri. Magina kan jera shi, su riƙa kwantar da katako a cikin bango bayan kowane ’yan layuka domin ya ɗaure ginin, sannan su shafe shi da farar ƙasar da ake samu idan an ƙona murjanin. Wannan shafe shi ne rigar gidan. Duk wanda ya san gidan ƙasa ya san abin da ke biyo baya idan aka tsallake yaɓe damina biyu ko uku. Rufi ya tsage, ruwa ya bi bango, katakon ciki ya ruɓe, gishiri ya bushe a cikin ƙofofin dutsen ya fasa shi. Gida mai hawa uku sai ya fara zubowa daga sama, tagogin katakon nan masu sassaƙa da ake kira roshan su biyo baya, don a jikin bangon suke rataye.

Shi ya sa gyaran gaggawa ya fi rashin gyara haɗari a irin wannan gini. Siminti ya fi murjani tauri, kuma ba ya barin bango ya yi numfashi: laimar ta maƙale a ciki, bayan ’yan shekaru shafen ya ɓare tare da fuskar dutsen. Rodi kuwa a iskar teku tsatsa yake yi, ya kumbura, ya tsaga abin da aka sa shi ya riƙe. Farar ƙasa tana da jinkirin bushewa, tana son a sabunta ta, amma ita ce dutsen ya sani.

Hukumar TIKA ta Turkiyya, mai ayyukan raya ƙasa a ƙasashen waje, ta gyara masallacin Hanafiyya da na Shafi’iyya da ginin kwastan, kuma a Disamban 2017 Shugaba Erdogan ya ziyarci tsibirin tare da shugaban Sudan na lokacin, Umar al-Bashir, aka amince Turkiyya ta ɗauki nauyin farfaɗo da shi. Ba abin mamaki ba ne, tun 1517 garin ya shiga hannun Turkawa kafin a miƙa wa Masar a 1865. Aikin ya cancanci yabo. Sai dai gine-ginen hukuma da masallatai su ne masu sauƙi, domin an san mai su. Gidajen kuwa na gado ne, magada sun watsu, wasu a Port Sudan wasu a Jidda, kuma babu mai zuba kuɗi a gidan da mutum ashirin ke da haƙƙi a ciki. Muddin ba a zauna da magadan an fitar da tsarin haya ko na wakilci ba, gyaran zai tsaya a ƙofar masallaci.

Wani zai ce yanzu lokacin zancen duwatsu ne, alhali Sudan na cikin yaƙi tun Afrilun 2023? Hujja ce mai nauyi, ciki ya riga bango. Amma abin da ake buƙata a yanzu ba mai tsada ba ne: a tokare bangon da ya karkata, a toshe rufin da ya rage, a hana ɗibar duwatsu da katako, a riƙe tsofaffin maginan da suka iya ƙona murjani su koya wa yara. Sawakin na cikin jerin wuraren da ke jiran hukumar UNESCO ta sanya su cikin wuraren tarihi na duniya tun 1994, kuma sunan da ke kan takarda bai hana bango ɗaya faɗuwa ba. Mai shiga tsibirin ta gadar da Gordon, Baturen da ke gwamnan Sudan a lokacin, ya sa aka yi a 1877 zai ga hasumiyoyi biyu farare tas, kewaye da gidajen da babu mai kwana a ciki balle ya lura rufi ya fara yoyo.