Kafin ku karɓi gurbin, kun san inda yaron zai kwana?

Duk shekara idan jami'o'i suka fara sakin sunaye, shafukan sada zumunta sukan cika da hoton takardar admishan, ana Alhamdulillah, ana Allah ya sanya albarka. Ina taya kowa murna da zuciya ɗaya, domin a ƙasar da yara kusan miliyan biyu ke zaman jarrabawar JAMB a shekara, samun gurbi ba ƙaramin rabo ba ne. Amma akwai tambayar da ba kasafai nake jin ana yi a cikin wannan murnar ba, kuma ita ce ta fi damuna. Yaron nan ko yarinyar nan, ranar da aka sauke su da akwati da bokiti a bakin ƙofar makaranta, a ina za su kwana?

Ra'ayina a nan ba mai kwana-kwana ba ne. Makwanci wani ɓangare ne na gurbin karatu. Gidan da bai san amsar wannan tambayar ba bai gama shawara ba tukuna, ko da kuwa kwas ɗin likitanci aka ba ɗansa. Mu da ba ma yarda a sa ranar biki sai dangin amarya sun je sun ga ɗakin da za ta zauna, ban ga dalilin da zai sa mu tura 'yar shekara goma sha bakwai garin da ba ta san kowa ba, da fatan za ta samu wurin raɓawa idan ta isa.

Ku duba yadda tsarin yake tafiya, za ku ga inda tarkon yake. Tun 2017 da JAMB ta kawo tsarin CAPS, ɗalibi ne da kansa yake shiga ya danna cewa ya karɓi gurbin da aka ba shi ko ya ƙi. Da zarar ya karɓa, ƙofar sauran makarantu ta rufe masa a wannan zangon. Daga nan sai kuɗin amincewa da gurbi, sai tantance takardu, sai kuɗin rijista. A yawancin jami'o'in gwamnati, sai an gama duk wannan ne ake buɗe shafin neman gado a hostel, kuma duk wanda ya taɓa zama a gaban kwamfuta a kafen intanet ranar da aka buɗe shafin ya san yadda guraben ke ƙarewa kafin a ce kwabo. Wato sai uba ya gama zuba kuɗinsa, ba hanyar komawa baya, sannan zai ji ko ɗansa yana da wurin kwana ko ba shi da shi. An jera abubuwan ne a baibai, kuma talaka ne yake kwana a ciki.

Ba wai jami'o'in ba su da ɗakuna ba ne. Wanda ya yi Jami'ar Ahmadu Bello ya san ɗakunan kwanan ɗalibai irin su Amina da Ribadu da Suleiman da Akenzua da Danfodiyo da ICSA, sunaye ne da tsofaffin ɗalibai ke ambata da kewa. Amma yawancin irin waɗannan gine-ginen an yi su ne lokacin da ɗalibai ba su kai ko kusa da yawan na yanzu ba. An yi ta ƙara tsangayoyi da kwasa-kwasai da yawan waɗanda ake ɗauka, ginin makwanci kuwa yana tafiyar hawainiya. Ko gudummawar ɗakunan kwana da gidauniyar Dangote ta gina wa jami'ar a Zariya, wadda ta cancanci yabo, ba ta kawar da cunkoson ba. Shi ya sa ɗakin da aka tsara wa mutum huɗu za ka iske ninkin haka a ciki, wasu a kan gado, wasu a katifa a ƙasa, wasu kuma sai dare ya yi su lallaɓo. Shi ya sa kuma ake samun masu kama gado da sunansu su sayar wa sabon shiga a kan ninkin kuɗin da makaranta ta sa wa gadon, alhali dokar jami'a ta hana, kuma idan aka kama, wanda ya saya shi ma yana cikin laifi.

To wanda bai samu ba, sai waje. A Zariya sai Samaru da Hayin Dogo da Palladan. A Kano, ɗan Jami'ar Bayero (BUK) da ke sabon matsuguni a titin Gwarzo sai ya nufi Danbare ko Rimin Gata ko Rijiyar Zaki. A nan ne lissafin da aka yi a gida yake rushewa. Mai gida kuɗin shekara yake so a dunƙule, dillali yana jiran la'adarsa, ga katifa, ga risho ko tukunyar gas, ga ruwan da sai an saya a wurin mai kura, ga kuɗin wuta ko an kawo ko ba a kawo ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin Adaidaita Sahu da na bas ya zama wani kuɗin makarantar na daban, wanda ake biya kullum safe da yamma. Naira dubu ashirin da asusun ba ɗalibai rance na NELFUND ke ranta wa ɗalibi a wata domin ɗawainiya taimako ne, ba na raina shi, amma ba zai riƙe haya da mota da abinci a lokaci guda ba. Kuma mai gida ba ruwansa da kalandar jami'a. A 2022 ƙungiyar malaman jami'o'i ASUU ta shiga yajin aiki daga Fabrairu har Oktoba, wata takwas cur, ɗakuna suna kulle, kuɗin haya yana ƙonewa, yara suka dawo aka ce su sake biya.

Duk wannan maganar kuɗi ce, kuma kuɗi ana iya nemo shi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tsaro. A watan Satumban 2023 'yan bindiga suka shiga Sabon Gida, kusa da Jami'ar Tarayya ta Gusau, suka kwashe ɗalibai sama da ashirin, yawancinsu mata. Daga gidajen haya na wajen makaranta aka ɗauke su. Ba a yi mako biyu ba aka sake ɗauke ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, su ma daga gidan da suke haya a cikin gari. Ba ina cewa katangar makaranta ba ta taɓa ƙetaruwa ba ne, ko kuma a guji waɗannan jami'o'in, yaranmu ne a cikinsu kuma malamanmu ne ke koyarwa. Abin da nake cewa shi ne, wanda ya ɗauki batun makwanci a matsayin ƙaramin abu da za a duba daga baya, ya tuna da iyayen waɗancan yaran da irin dararen da suka kwana ba barci.

Akwai kuma asarar da ba ta fitowa a labarai. Ɗan aji ɗaya, wanda ake tsokana da jambito, shi ne ya fi kowa rauni a jami'a. Bai san hanya ba, bai san mutane ba, karon farko ke nan da ya bar gaban iyayensa. Idan makonnin farko suka tafi a yawon neman ɗaki, yau ya kwana a masallaci, gobe a ɗakin wani ɗan garinsu da shi ma raɓe yake, lakcar ƙarfe takwas ta wuce shi, gwajin farko ya same shi ba shiri. Makin shekarar farko kuwa yana bin mutum har ranar da zai fita. Ga yarinya abin ya fi haka nauyi, domin wadda ba ta da wurin kwana tana cikin buƙata, kuma ba kowa ne mai tayin taimako yake yi don Allah ba. Sau da yawa kuma, idan wahala ta yi yawa, sai a ce ta dawo gida kawai, karatun ya tsaya a nan, a ce ai dama boko ba na mace ba ne, alhali ba karatun ne ya gagare ta ba.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce malam, gurbin ma da ƙyar aka samu, wa zai tsaya zaɓe? A karɓa tukuna, sauran Allah zai kawo mafita. Na yarda Allah ne mai kawo mafita, kuma ban ce kowa ya yi watsi da gurbinsa ba. Amma tawakkali bai hana bincike ba. Tsakanin ganin suna da biyan kuɗi akwai 'yan kwanaki, kuma sun isa a yi abin da ya kamata. A kira ofishin kula da harkokin ɗalibai, ko a tura wani ya je da ƙafarsa, a ji ko ana ware wa sababbin ɗalibai gadaje da kuma lokacin da ake buɗe shafin. A nemi ƙungiyar ɗaliban jiharku ko ta ƙaramar hukumarku a makarantar, sun fi kowa sanin gaskiyar lamari, haka ma 'yan ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSS. A tabbatar a wane matsuguni tsangayar yaron take, domin wanda aka ba kwas ɗin shari'a a Jami'ar Ahmadu Bello, a matsugunin Kongo zai zauna, kama masa ɗaki a Samaru wahala ce kawai aka saya masa. Idan haya za a kama, wani babba ya ga ɗakin da idonsa, ya ga unguwar da dare, ya san mai gidan, ya karɓi rasit. Kada a tura wa kowa kuɗi saboda hoton ɗaki da aka gani a WhatsApp. Idan kuma gidan dangi ake sa rai, a yi maganar a fili da maigidan da uwargidan tun yanzu, a ji ko da gaske akwai wuri, domin kunya takan sa mutum ya ce to alhali ɗakinsa ba ya ɗauka.

Ni a ganina ma, tun ranar cike fom ɗin JAMB ya kamata a fara wannan shawarar. Yara suna zaɓen jami'a ne saboda suna, ko saboda aboki ya zaɓa, iyaye kuma sukan bar mai kafe ya cike musu. Jami'ar jiha da yaro zai riƙa zuwa daga gida, ya ci tuwon gidansu, ya yi karatu da kwanciyar hankali, sau da yawa ta fi masa babbar jami'a mai nisa da zai yi shekara yana gararamba. Kuma JAMB tana ba da damar canza makaranta kafin a kai ga karɓar gurbi, ga wanda ya sake lissafi ya ga abin ba zai yiwu ba.

Sai dai ba adalci ba ne a ɗora wa iyaye nauyin duka. A Amurka, inda yawancin ɗalibai ke da wa'adin 1 ga Mayu su yanke shawarar jami'ar da za su shiga, jami'o'i da dama suna wajabta wa ɗan shekarar farko zama a cikin makaranta kuma su tanadar masa gado, wasu ma suna barin mutum ya nemi ɗaki tun kafin ya ba da amsarsa ta ƙarshe. A Ingila ma jami'o'i da yawa suna ba sababbin ɗalibai tabbacin ɗaki idan sun nema a kan lokaci. Ba mu da kuɗinsu, na sani, amma faɗin gaskiya ba ya cin kuɗi. Kowace jami'a ta san adadin gadajen da take da su, ta san adadin waɗanda ta ɗauka. Me zai hana ta wallafa waɗannan alƙaluman tare da jerin sunaye, ta faɗi nawa aka ware wa 'yan aji ɗaya, nawa na mata, nawa na maza? Me zai hana a fara ba sababbin shiga, musamman mata da waɗanda suka zo daga nesa, kafin ɗan aji uku da ya riga ya san gari? Gidajen hayar da ke kewaye da makaranta kuma a yi musu rijista, a duba tsaronsu da ruwansu, a ba iyaye jerin waɗanda jami'a ta amince da su.

Shugabannin jami'o'inmu da 'yan majalisar gudanarwarsu da yawa suna nan a shafukan sada zumunta, suna karanta abin da muke rubutawa. Ina roƙon su don Allah, a zangon da ke tafe, a sa bayanin makwanci a cikin takardar admishan kanta, kafin a karɓi ko sisin kwabo daga hannun uban yaro.