Alhajin da ya rasu a shafi na 12 ya karɓi sadaki a shafi na 90

Kwanakin baya wata ƙanwata ta turo mini labarin da take rubutawa, ta ce, "Yaya, ka duba mini kafin in mayar da shi na kuɗi." Ta riga ta saki kusan shafi ɗari a wani zauren WhatsApp, kullum shafi guda bayan sallar isha'i, masu karatu kuma na biye da ita kamar su cinye wayar. Na zauna na karanta. Yarinyar tana da baiwa, ba na tababa. Akwai wata hira tsakanin uwar miji da surukarta a bakin murhu da sai da na maimaita don daɗi. Sai dai mahaifin jarumar, wanda aka yi wa jana'iza a shafi na 12 har aka yi sadakar uku, ga shi a shafi na 90 ya sha babbar riga yana karɓar sadakin 'yarsa. Da na nuna mata sai ta yi dariya ta ce, "Wallahi Yaya ba wanda ya lura."

Wannan "ba wanda ya lura" ɗin ne ya dame ni, fiye da tashin Alhaji daga kabari.

Ba na cikin masu kukan cewa buga littafi da kuɗin aljihu ne ya lalata adabin Hausa. Tun gasar rubutu da Baturen nan jami'in ilimi, Rupert East, ya shirya a Zariya a 1933, wadda ta fito da su Abubakar Imam da Abubakar Tafawa Ɓalewa, ƙofar buga ƙagaggen labari kusan ɗaya ce: Kamfanin Gaskiya, sai hukumar adabi ta Arewa wato NORLA, sai kamfanin buga littattafai na Arewa wato NNPC daga 1966, duk a Zariya. Wanda bai samu shiga ta nan ba, rubutunsa ya tsufa a akwati. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka karkata ga littattafan makaranta. A daidai lokacin kuma shirin ilimin firamare kyauta na 1976 da azuzuwan yaƙi da jahilci sun samar da ɗimbin masu iya karatun boko da ba su da abin karantawa. Sai matasa da matan aure suka ɗauki biro, suka kai rubutunsu maɗaba'a da kansu, suka miƙa wa dillalai a kasuwa. Masanin adabi Ibrahim Malumfashi ya kira abin Adabin Kasuwar Kano, ya yi masa kaca-kaca; wani masanin, Abdalla Uba Adamu, ya tsaya masa. An daɗe ana gwabzawa a jaridu. Amma littafin Balaraba Ramat Yakubu, Alhaki Kuykuyo Ne, da ya fito ta wannan hanyar a 1990, shi ne wani kamfani a Indiya ya buga fassararsa ta Turanci a 2012. Da ta zauna jiran ƙofar Zariya, Allah kaɗai ya san ko da mun ji sunanta.

To amma da aka fasa ƙofar, an fita an bar wani mutum a ciki, wato mai gyara. Imam kansa, da duk ƙwarewarsa, watanni ya yi a Zariya a 1936 yana rubuta Magana Jari Ce, East na dubawa. Mutum zai iya sukar ɗanɗanon Baturen mulkin mallaka, kuma akwai abin suka, amma dai akwai ido na biyu a kan takardar. Ana cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A harkar rubutu ba haka ba ne. Marubuci yana karanta abin da ke kansa ne, ba abin da ke kan takarda ba, shi ya sa ƙanwata ta wuce ta gaban Alhaji ba ta gan shi ba.

Kuma kasuwa tana da nata alƙalamin da take gyara da shi, ko an gayyace ta ko ba a gayyace ta ba. A zamanin takarda, ana raba labari kashi-kashi, na ɗaya da na biyu da na uku, don cinikin na ɗaya ne zai biya kuɗin buga na biyu. Daga nan muka gaji "mu haɗu a littafi na biyu" a daidai lokacin da aka ɗaga wuƙa. Yanzu da aka koma waya, Wattpad da Facebook da WhatsApp, abin ya ƙara tsanani. Marubuciya ta saki shafi da dare, kafin asuba sharhi ya cika zaure: a ƙara wa kishiya wuya, kada a kashe wane, yau shafin ya yi kaɗan. Idan ta yi kwana biyu ba ta saki ba, a fara cigiya, wasu har da gori. Wanda ke rubutu a cikin wannan hayaniya ba shi da damar komawa baya ya rushe babi na uku don ya gano a babi na ashirin cewa bai dace ba. An riga an karanta. Sai dai a yi ta ɗora bulo a kan karkataccen tushe, labarin da ya isa ya ƙare a shafi 40 ya kai 150, ana ta zagaye da hatsarin mota da mantuwa da dawowar tsohon saurayi daga Dubai.

Sai batun ƙa'idar rubutu, wanda wasu ke ɗauka fitinar malaman jami'a ce. A labarin nan na ci karo da "ta leka ta ga baki a kofar gida". Baƙi ta gani ko baki? Na ga "ta tafi dashi", kamar mai shirin dashen tumatir, da "saida ta yi kuka", kamar kukar miya aka kasa a faranti. Ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ tana nan a allon rubutun Hausa na wayar kowa, saukewa kawai ake yi. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero ya fito tun 2006. Mai sayar da labari da kuɗi ba shi da hujjar cewa bai san inda ake raba kalma ba, kamar yadda tela ba zai ce bai iya karanta awo ba.

Na san amsar da za a ba ni, kuma tana da nauyi: da wane kuɗi? Littafin da ake sayarwa 'yan ɗaruruwan naira, mutum ɗaya ya biya ya watsa shi zaure goma, gobe ka ji ana karanta shi a YouTube ba da izininka ba. Ga kuɗin data, ga cajin waya. A ce wa mai wannan hali ta ɗauki edita ta biya, kamar zolaya ce. Amma ba duk gyara ne na kuɗi ba. Ƙungiyoyin marubuta sun cika intanet, kowace da tambarinta da kirarinta a saman shafi. Da rabin lokacin da ake ɓatawa a jinjina da taya murnar kammala littafi za a ba musayar rubutu, ki karanta nawa da jan biro in karanta naki, da an rage gawarwakin da ke halartar ɗaurin aure. Ga ɗaliban sashen Hausa a Kano da Zariya da Sakkwato, waɗanda aka koya wa ƙa'idar nan kuma da yawansu ba su da aikin yi da ita. Abin da ya fi wuya shi ne marubuci ya daure ya gama labarin, ya ajiye shi ya huce, kafin ya saki shafin farko. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta nuna amfanin matsi: da aka ƙayyade yawan kalmomi, aka kuma san alƙalai za su duba, sai ga marubutan intanet ɗin nan da ake rainawa suna fitar da gajerun labarai tsaf, ba kitse ba ƙari. Ashe iyawar tana nan, mai cewa "yanke nan" ne babu.

Matsalar ita ce mun mayar da gyara cin fuska. Ka ce wa marubuci babinsa ya yi tsawo, sai a ce hassada ce, mabiyansa su yi maka ca. Ni ma da ƙanwar tawa sai da muka yi 'yar tsama, ta kwana biyu ba ta gaishe ni ba. Daga baya ta mayar da mai karɓar sadakin ƙanin uba, ta sauke allon Hausa a wayarta. Shafukan lefe kuwa, da na ce ta rage, ta ce, "Haba Yaya, ai su aka fi yi mini sharhi a kai." Akwati goma sha biyu ne, jiya da dare aka buɗe na bakwai.