Littafi mai zane ba lallai na yara ba ne

A cikin trotro, ƙaramar motar haya, daga Kejetia zuwa Aboabo a Kumasi, wata hajiya ta leƙo littafin da ke hannuna, ta ce, "Ɗana, da gemunka kake karatun katun?" Ban ga laifinta ba. Yawancinmu a zango, da mun ga hoto da 'yar magana a cikin da'ira, sai mu ce kayan yara ne.

Zane dai hanya ce ta ba da labari, kuma labarin yana iya yin nauyi ƙwarai. Wanda nake riƙe da shi ranar Maus ne, na Art Spiegelman, labarin mahaifinsa, Bayahuden Polan da ya tsira daga sansanin Auschwitz, inda 'yan Nazi na Jamus suka hallaka Yahudawa. Ya zana Yahudawa da siffar ɓeraye, Jamusawa kuma kuliyoyi, har aka ba shi lambar yabo ta Pulitzer a 1992. Akwai shafukan da ba zan bar ƙanena ɗan firamare ya buɗe ba.

Littattafan zane na ban tsoro kuwa sun fi haka, jini da gawa a fili. Hajiyar dai ta karɓa ta buɗe tsakiya, ta yi salati, ta miƙo mini abina.