Harafi Ɗaya a Cikin Jini

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan uwa.

Allah Maɗaukakin Sarki ya ce a Suratuz Zariyat, aya ta 21: "Wa fi anfusikum afala tubsirun." A cikin kawunanku ma akwai ayoyi, shin ba kwa gani? Muna yawan wuce ayar nan a karatu, alhali jikin da ake nuna mana muna ɗauke da shi dare da rana.

Kowannenmu daga ƙwaya ɗaya tak ya faro a cikin mahaifa, ƙwayar da da ƙyar ido zai iya ganinta. Ta rabu biyu, biyu suka zama huɗu, haka aka yi ta tafiya har baligi ya tashi da ƙwayoyin halitta kimanin tiriliyan 30. Masu aiki iri ɗaya suka haɗu suka zama tsoka, ko fata, ko jijiya. Waɗannan suka haɗu suka zama gaɓa, kamar zuciya da hanta da ƙoda. Gaɓoɓi suka haɗa hannu, zuciya da jijiyoyi suna zagaya jini, huhu yana shigo da iska, sai ga mutum a tsaye yana cewa "ni ne wane". Ɗan Adam bai ma san da waɗannan ƙwayoyi ba sai a 1665, lokacin da Robert Hooke na Ingila ya leƙa ɓawon itace ta madubin ƙara girma. Tun kafin nan suna ta aikinsu, ba wanda ya gode musu.

Mu tsaya a kan jini. Jajayen ƙwayoyinsa a ɓargo ake ƙera su, sama da miliyan 2 a kowace daƙiƙa, kana barci ko kana gardamar ƙwallo. Kowace tana yin kwana 120 ko kusa da haka tana kai iskar oksijin lungu-lungu na jiki, sannan saifa ta janye ta. Zagayayya ce mai laushi, shi ya sa take iya lanƙwasa ta kurɗa ta siririyar jijiyar da ta fi ta ƙunci.

To, umarnin yadda za a ƙera sinadarin da ke riƙe iskar nan, wato himoglobin, a rubuce yake cikin abin da muke gada daga iyaye, rubutun da haruffansa sun kai biliyan 3. A ciwon sikila, wanda muke kira amosanin jini, harafi ɗaya ne kacal ya sauya. Masanin kimiyya Vernon Ingram ne ya nuna a Kambirij ta Ingila a 1956 cewa bambancin himoglobin na mai sikila da na sauran mutane a gurbi ɗaya yake. Amma dubi inda abin ke kaiwa. Da iska ta yi ƙaranci sai ƙwayar ta sandare ta lanƙwashe kamar lauje. Ta toshe ƙaramar jijiya, naman da ke bayanta ya rasa iska, ƙashi ya ɗauki raɗaɗi. Maimakon kwana 120, cikin kwana 10 zuwa 20 ta mutu, jini ya yi ƙasa, ido ya yi rawaya, saifa ta gaji, ƙoda ta wahala. Duk wanda ya taɓa kwana a gidan da ake da mai sikila cikin sanyin hunturu ya san sauran: uwa ta tashi tsakar dare tana ɗora ruwa, tana gasa wa yaro gwiwa da tsumma, yana cewa "Umma ƙafata", ita kuwa ba ta da abin yi sai salati da jiran gari ya waye.

Annabi (SAW) ya ce, a hadisin Nu'umanu bin Bashir da Bukhari da Muslim suka ruwaito, muminai a soyayyarsu da jinƙansu kamar jiki ɗaya suke, idan gaɓa ɗaya ta yi ciwo sai duk jiki ya amsa da rashin barci da zazzaɓi. Ina zazzaɓin namu? Sau da yawa sai gori: yaron nan ya cika laulayi, uwarsa ce ta kawo mana shi. Wallahi wannan zalunci ne kuma jahilci ne. Ba a haihuwar SS, wato mai sikila, sai uba ya ba da nasa rabin, uwa ta ba da nata. Wasu kuma su jingina abin ga iska ko sammu, a yi ta yawon gidan masu magani yaro yana ƙarewa.

Kada kuma mai AS, wato wanda ya gaji rabin kawai, ya ɗauka an tauye shi. Harafin nan, idan daga ɓangare ɗaya aka gada, yana ba da kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro, kuma dalilin yawansa a ƙasashenmu ke nan. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da sikila.

Abin da ya rage a hannunmu shi ne riƙo da sababi. AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Kowane ciki fa, ba wai in an haifi ɗaya sauran ukun sun tsira ba. Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, amma doka ba ta hana mai son zuciya sayen takardar bogi, tsoron Allah ne ke hanawa. Wanda ya ɓoye sakamakonsa ya ce ai tawakkali ne, ya ha'inci amarya, ya ha'inci waliyyinta, ya ha'inci yaron da ba a haifa ba tukuna. Iyaye, ku nemi gwajin tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, ba sai an sa rana an ɗinka anko ba, lokacin da kowa ke jin kunyar ja da baya.

Wanda kuma yake da ƙoshin lafiya, asibitocinmu kullum suna neman jini domin waɗannan bayin Allah. Leda ɗaya ce za ka bayar, ɓargonka zai mayar maka da ita cikin 'yan makonni.

Allah ya ba masu sikila sauƙi, ya saka wa iyayensu da mafificin alheri. Amin.