Hunturu da kayan sanyi a kan keke

Wallahi wannan yanayin na watan Janairu yana gajiyar da ni. Ƙarfe 6 na safe in na fito daga Samaru zan shiga cikin garin Zariya sanyi har cikin ƙashi, dole sai na saka suwaita da jaket da hular sanyi da safar hannu, amma kafin azahar rana ta buɗe zufa ta jiƙa min baya, to ina zan kai kayan nan? Jiya na ɗaure jaket ɗin a kariya da roba, hannunta ya zame ya shige sarƙa, baƙin mai duk ya ɓata ta. Kuma ba damar barinsu a gida, bayan magariba sanyin dawowa yake da ƙura.