Zanen aro ba ya rufe katara

Ni dai ban kira sunan kowa ba, amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Waɗanda suka daɗe tare da ni sun san abun da nake yi duk daren Juma'a, in buɗe akwatin ƙarfen da Baba, Allah ya jiƙansa, ya bari, in zaro tsohuwar Gaskiya Ta Fi Kwabo ko New Nigerian, in ɗau hoton kanun labari sannan mu yi raha a kan "da a ce abun nan ya tabbata da yaya za a yi". Jaridun nan duk sun yi ja, warin kafur suke, wasu gara ta cinye gefensu, sai na shimfiɗa su a hankali bisa tabarma na danne da babban yatsa kafin hoton ya fito. To wai shi ne wani bawan Allah yake jira in gama wahala, da asuba ya kwashe, ya yanke sunana a ƙasa, ya sako a shafinsa na Facebook da "daga cikin taskata". Taskarka? Malam ka dubi hoton da kyau mana, yatsan da ya danne jaridar da jan lalle a jikinsa, kuma rubutun biro da ke gefe lissafin cefanen gidanmu ne da hannun mahaifina.

Wallahi satar ba ta ƙona min rai kamar ɓarnar da yake wa tarihin ba. Na sako labarin ranar da Najeriya ta bar tuƙi a hannun hagu ta koma dama, 2 ga Afrilu 1972, na ce to su jakunan ƙauye da ba sa karanta jarida fa, ai sun ci gaba da bin hagunsu, da an bi doka sosai da sai kotu ta cika da jakai ana tambayarsu lasisi, alƙali na magana suna kuka. Kowa ya yi dariya don an san wasa ne, na kuma rubuta cewa wasa ne. Shi da ya kwafa sai ya cire wannan layin, ya ce wai jaridar ce ta ruwaito an kama jakai, ya ƙara da cewa zamanin Murtala aka yi. Murtala da bai hau mulki ba sai ƙarshen Yulin 1975! Gowon ne a kai lokacin. Yara ƙanana suna ta yaɗawa suna cewa ashe haka aka yi, har wata ƙanwata ta turo min tana tambaya ko na taɓa jin labarin, ni da na ƙirƙiro jakan da bakina.

Haka ya yi da na naira. 1 ga Janairu 1973 aka daina fam da sule aka koma naira da kwabo, fam ɗaya naira biyu, shi ya sa har gobe tsofaffi in sun ce jaka ɗaya naira ɗari biyu suke nufi, don jaka fam ɗari ce. Na ce da a ce darajar nan ta tsaya a inda take da yanzu saurayi zai shiga kasuwar Kwari da jaka biyar ya haɗo lefe har ya rage na mota. Shi ya mayar da shekarar 1960, wai ai da ƴancin kai aka zo da ita.

Wanda ya fi yi min ciwo shi ne na taken "lafiya ga kowa kafin shekarar 2000", wanda taron lafiya na duniya da aka yi a birnin Alma-Ata a 1978 ya jaddada kuma jaridu suka yi ta maimaita shi shekara da shekaru. Eh na yi raha, na ce da ya tabbata da masu kemis sun koma sayar da alawa, sauro ya tattara ƴaƴansa ya yi hijira, mai maganin basir da lasifikarsa a bakin tasha ya rasa mai tsayawa ya saurare shi. Amma ni da biyu na yi shi, dariyar da ƙwalla a cikinta, don mutumin da ya ajiye jaridar nan ya yarda da alƙawarin, kuma a kan bencin asibiti ya rasu muna jiran gado. Kai ka ɗauka ka jera masa fuskokin dariya guda goma kana roƙon a yi maka sharin. Haka na kamfanin ƙarfe na Ajaokuta da aka fara tun 1979 da ƴan Rasha, na ce da ya tashi da ko ƙyauren akurkin kaji na ƙarfen gida ne, kai ko a wace jiha take ba ka sani ba, da aka tambaye ka a ƙasa shiru ka yi sai wani ya taimake ka ya ce Kogi.

Kifi na ganinka mai jar koma. Duk sikirinshot ɗin suna nan da ranaku da lokaci, na ajiye, kuma ba tsoro ya hana ni fito da su ba, albarkacin mutanen da muka haɗa ne, wasunsu iyaye ne a wurina. In kana son hotunan ka yi sallama ka tambaya, ba zan hana ka ba, ga sharaɗi biyu kawai, ka bar sunan mai akwatin a jiki kuma ka bar shekarun yadda suke.

Juma'a mai zuwa in Allah ya kai mu na ƙarin albashin ma'aikata na Udoji zan sako, da na jiragen simintin da suka toshe tashar ruwan Legas a 1975, kuma na sabunta lallen, wannan karon har tafin hannu zai fito a hoton.